Kafin ku hana kati a fada: kurakuran da aka fi yi

Duk fadar da ake buga wasan katin Yu-Gi-Oh! ko Magic a Damagaram, daga Birni har Sabon Gari, wata rana sai wani ya watsar da katunansa kan tabarma ya ce: "Wallahi katin nan sai an hana shi." Kamfanonin suna da nasu jerin haramtattun katuna, Konami mai Yu-Gi-Oh! da nata, Wizards of the Coast mai Magic da nata. Amma katunan da ke hannunmu ba su da yawa, sau tari dami ɗaya ne (wato tarin katunan da mutum ke shiga wasa da su) mai ƙarfi a tsakanin abokai, don haka dole fada ta yi wa kanta doka. A wajen yin dokar ne ake kwaɓawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da zafin kaye. Wanda aka lallasa yanzun nan ba alƙali ba ne. Abin da yake tunawa shi ne wasan da katin ya kashe shi, ya manta wasannin da katin ya kwana a hannun mai shi bai tsinana komai ba. Maganin wannan littafin rubutu ne da biro, a ajiye su kusa da butar shayi. Kowane wasa a rubuta: wa ya buga da wa, wane dami, wa ya fara, katin ya fito ko bai fito ba, wa ya ci. Bayan makonni kaɗan sai a duba. Akwai kuma gwaji mafi sauri, wanda mutane ba sa so saboda yana tona asiri: a yi musayar dami. Ka ce masa, "Yaya, karɓi nawa, ba ni naka." In ya riƙe naka ya sake kayar da kai, to ka bar katin ya huta, hannu aka fi ka.

Daga nan sai ɗaukar ƙarfi a matsayin laifi. Sabon ɗan wasa lambar da ke ƙasan kati yake kallo. Blue-Eyes White Dragon yana da ƙarfin hari 3000, kuma ba a taɓa haramta shi ba, domin fito da shi yana da wuya, kau da shi kuma hanyoyi ne birjik. Pot of Greed ko harin ba ya kaiwa. Aikinsa kawai ka ja kati biyu, ba ka biya komai ba. Shi ne Konami ta haramta tun 2005. Dalili kuwa, babu damin da zai ƙi ɗaukarsa, babu lokacin da buga shi kuskure ne, wato ya cire tunani daga wasan. Yata-Garasu ma tsuntsu ne mai hari 200 kacal, amma in ya taɓa ka ba za ka ja kati a karonka na gaba ba, sannan ya koma hannun mai shi ya dawo ya sake. In fagenka da hannunka sun zama fanko, zama kawai za ka yi kana kallo har a gama da kai. An haramta shi a 2004, bai fito ba sai 2022.

To abin da ya kamata fada ta tambaya ba "yana da ƙarfi?" ba ne. Shin akwai katin da ke maganinsa a cikin waɗanda muke da su, ba waɗanda muka gani a YouTube ba? Shin ya tilasta wa kowa ko ya ɗauke shi ko ya gina daminsa kacokan don tare shi? Shin in ya sauka, abokin wasa yana da sauran abin yi? A Magic, Oko, Thief of Crowns ya faɗi tambaya ta biyu warwas: a babbar gasar Nuwamba 2019 a Richmond ta Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 na ƴan wasa suna ɗauke da shi, kuma watan bai ƙare ba aka hana shi a tsarin Standard (Magic yana da tsare-tsaren wasa daban-daban, kowanne da katunan da ya yarda da su). Ni ina ƙara tambayar lokaci. Katin da mai shi zai yi ta juye-juye har a sha shayi na farko a ɗora na biyu bai gama karonsa ba, ya cutar da fada ko da ba ya cin wasa. Cikin dalilan hana Sensei's Divining Top a tsarin Legacy a 2017 har da jan lokaci.

Akwai kuma barin jaki a daki taiki, kuma wannan har manyan kamfanonin sun faɗa ciki. A 2019 Hogaak ya addabi tsarin Modern na Magic. A watan Yuli aka hana Bridge from Below, ɗan rakiyarsa, aka bar shi. Ƴan wasa suka sauya ƴan katuna, damin ya ci gaba da ɓarna, sai a Agusta aka hana Hogaak ɗin kansa. Konami ma ta yi ta datse katunan da ke kewaye da Firewall Dragon kafin ta taɓa shi a ƙarshen 2018. A fada abin yakan zo a juye: ana hana dodon da ya kai bugun ƙarshe saboda shi ido ya gani, a bar ƙaramin katin da ke kiransa kyauta. Gyaran ba wuya. Ku cire katin da kuke zargi, ku buga damin wasanni da dama. Ku mai da shi, ku cire ɗayan, ku sake. Wanda cirewarsa ta sa damin ya dawo daidai da saura ba tare da ya mutu ba, shi ne mai laifin.

Ba kuma kowane laifi ke buƙatar haramci ba. Yu-Gi-Oh! tana da matakai na yawan kwafin kati da aka yarda a sa a dami: uku, biyu, ɗaya, sifili. A dami mai kati 40, in kana da kwafi uku, damar ka same shi cikin biyar ɗin farko kusan kashi 34 cikin 100 ce. Kwafi biyu, kusan 24. Kwafi ɗaya, 12.5. Ka ga an rage masa baki sosai, mai shi kuma bai yi asara duka ba. Sai dai a kula da abu biyu. In damin cike yake da katunan da ke nemo shi, ragewar ba ta da amfani, ɗayan nan zai zo hannu kullum. Kuma in katin irin wanda ke gama wasa shi kaɗai ne, barin kwafi ɗaya ya mai da wasan sa'a tsagwaronta, wanda ya ja shi ya ci. Irin wannan gara a cire shi gaba ɗaya.

Kwafo jerin wasu wurare kai tsaye ma kuskure ne. Maxx "C" na Yu-Gi-Oh! haramun ne a wasan Turai da Amurka tun 2018, alhali a Japan da cikin Master Duel, Yu-Gi-Oh! na waya da kwamfuta, an ci gaba da buga shi shekaru bayan haka. Black Lotus na Magic ana yarda da kwafi ɗaya a tsarin Vintage, a Legacy ko ɗaya. Kati ɗaya ne, abokan zamansa ne suka bambanta.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ke raba abota. Mutum ya tara ƴan jikkunansa, ya yi saƙo Kano ko ya jira wani mai zuwa daga waje, kati ya iso, sati bai cika ba a ce an hana. A Satumba 2024 kwamitin tsarin Commander na Magic ya hana katuna huɗu, ciki har da Mana Crypt da Jeweled Lotus masu tsada. Farashi ya zube, wasu suka shiga yi wa ƴan kwamitin barazana, har suka miƙa ragamar tsarin ga Wizards of the Coast. Tsadar kati ba hujjar barinsa ba ce, amma hujja ce ta ba da sanarwa da wuri. Ku faɗi katunan da kuke sa wa ido kafin wani ya saya. Ranar ƙuri'a a bar mai katin ya yi magana, a bar wanda ya fi shan kaye ya yi tasa, sannan sauran su yanke, littafin nan a buɗe a gabansu.

Wanda aka fi mantawa shi ne waiwaye. Raigeki na Yu-Gi-Oh!, mai share dodannin abokin wasa duka, an haramta shi a 2004, ya dawo a 2014 wasan bai rushe ba, domin katunan da suka fito a tsakani sun san yadda za su tsira. Duk katin da kuka hana, ku rubuta a gefensa ranar da za a sake duba shi, misali bayan babbar Sallah, ko ranar da wani ya kawo sabon dami fada. In ranar ta zo, ku sake shi da kwafi ɗaya tukuna, ku buga, ku rubuta.