Yadda Matashi Zai Tashi Daga Gasar Matasa Ya Kai NHL a Wasan Hokin Ƙanƙara

A Kanada tun yaro yana shekara huɗu ko biyar ake ɗaura masa takalmin zamiya a tura shi kan ƙanƙara. Amma ko hoki zai zama abin cin abincinsa, tsakanin shekara 15 zuwa 20 ake ganewa. Ga yadda ake bin hanyar zuwa NHL, babbar gasar ƙwararru ta hokin ƙanƙara a Kanada da Amurka.

Da farko, ka shiga idon masu farautar 'yan wasa. Manyan gasannin matasa uku ne: OHL a Ontariyo, WHL a yammaci, QMJHL a Kebek da gabas. Duk suna ƙarƙashin CHL, hukumar da ta haɗa su, ƙungiyoyi wajen 60, kuma kowace gasa tana da zaɓenta, inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi. Don haka ka tabbata kana bugawa a ajin AAA, wato ajin ƙoli na gasar yara, can masu farautar suke zuwa kallo. A shekara 16 ake fara bugawa sosai. Akan ba wani izini na musamman ya fara a 15, kamar Connor McDavid a ƙungiyar Erie a 2012 da Connor Bedard a ƙungiyar Regina a 2020, amma irinsu tsiraru ne, kada ka ɗora lissafinka a kansu.

Na biyu, kuma nan ne gizo yake saƙar: barin gida. Ƙungiyar da ta zaɓe ka tana iya zama tafiyar yini guda daga garinku. Za a ajiye ka a gidan wasu mutane, ka zama ɗan riƙo. Su ba ka ɗaki, su ciyar da kai, kai kuma ka bi dokar gidansu da lokacin kwanciyar da koci ya yanka. Da safe makaranta, da rana atisaye, ƙarshen mako kana cikin bas. A OHL da WHL wasa 68 ne a kakar wasa, kuma sau da yawa sai tsakar dare za ku dawo, ka sauko da jakar kaya mai warin gumi, gari na wayewa malami yana jiran aikin gida. Kuɗin da ake ba ka na kashewa ne kawai.

Ka kuma san abin da ba za ka yarda da shi ba. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta Najeriya, ya ƙi yarda a cusa shi tsirara a banɗakin bas tare da sauran sababbin 'yan wasa a ƙungiyar Windsor ta OHL a 2005. Daga baya wani abokin wasansa ya kakkarya masa haƙora da sanda a wajen atisaye, har aka dakatar da kocin. Idan ka ga alamar irin wannan, ka gaya wa iyayenka a ranar.

Na uku, riƙe karatu. CHL tana biyan kuɗin jami'a na shekara guda kan kowace kaka da ka buga. A da, wanda ya buga a CHL ya haramta wa kansa gasar jami'o'in Amurka ta NCAA. Daga Agustan 2025 an ɗage wannan, shi ya sa Gavin McKenna ya bar ƙungiyar Medicine Hat ta WHL ya koma jami'ar Penn State.

Na huɗu, zaɓen NHL. Sai ka cika 18 zuwa 15 ga Satumba na shekarar. Ƙungiyoyi 32, zagaye 7, wato mutum 224 ko kusa da haka daga duniya baki ɗaya. Kafin nan ana gayyatar fitattu zuwa Buffalo a gwada ƙarfinsu, a kuma yi musu tambayoyi. Fitowa a makare ba abin kunya ba ne: Henrik Lundqvist na 205 ya zo a 2000. Martin St. Louis ma ba wanda ya zaɓe shi, ya kuma ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2004.

Na biyar, kwantiragi. Zaɓe ba aiki ba ne, ƙungiya ta kama sunanka ne kawai. Idan ta sa hannu da kai kana tsakanin 18 da 21, shekara uku ne, albashin kuma kashi biyu: na NHL daban, na ƙaramar gasa ɗan kaɗan. Nemi wakilin da ƙungiyar 'yan wasa ta NHLPA ta amince da shi ya karanta maka. Ɗan 18 ko 19 za a iya gwada shi wasa tara a NHL a mayar da shi gasar matasa. Da ya buga na goma, shekara ɗaya ta kwantiragin ta fara ƙirguwa. Yawancin waɗanda aka zaɓa sai sun bi ta AHL, gasar da ke ƙasa da NHL, wasu har ECHL da ke ƙasa da ita, wasu su nufi Turai. Aliu ɗin nan Chicago ta zaɓe shi a zagaye na biyu a 2007, amma wasa bakwai ya samu a NHL, duka da rigar Calgary.