Yadda za ka karɓi gyaran wasan bidiyo ba tare da ka yi asara ba

Kamfanonin wasan bidiyo kan yi wa wanda ya biya kuɗi tun kafin wasa ya fito gyara. A da faifai ne sukutum: a 2003, waɗanda suka ba da kafin alƙalami na wasan The Wind Waker a Amurka sun samu ƙarin faifan GameCube (na'urar wasa ta Nintendo) mai ɗauke da wasannin Ocarina of Time da Master Quest. Yau kuwa yawanci 'yar takarda ce a cikin kwali mai ɗauke da lamba, wadda za ta buɗe maka kayan sawa ko makami ko kuɗin cikin wasa. A nan ne mutanenmu suka fi tafka asara.

Fara da duba yankin faifan. Faifan PS4 da PS5 (na'urorin PlayStation na Sony) yana aiki a na'urar kowane yanki, amma lambar gyaran ba ta shiga sai a asusun yankin da aka buga ta dominsa. Dubi alamar shekaru a gaban kwalin: ESRB ta Amurka da Kanada ce, PEGI ta Turai, CERO ta Japan. In asusunka na Amurka ne kwalin kuma PEGI, lambar za ta ƙi shiga, kuma Sony ba ya barin a canza ƙasar asusu bayan an buɗe shi. Mafita ita ce ka buɗe asusu na biyu na yankin faifan a na'urar, ka shigar da lambar a can, sannan ka kunna Console Sharing and Offline Play a saitin PS5 don babban asusunka ya ci moriyar abin. Sai dai wannan dabara ba ta aiki a kan kuɗin cikin wasa irin FC Points. Suna nan maƙale a asusun da ya karɓe su.

Lambar PlayStation haruffa 12 ce, ta Nintendo 16, ta Xbox 25, kuma sau ɗaya kowacce ke shiga. Saboda haka kada ka ƙara ko kwabo a kan faifai na hannu don mai shago ya nuna maka takardar, kusan kullum an riga an cinye ta. Ko sabo ne dal a leda, karanta ƙananan rubutun da ke bayan kwalin, domin lambar tana da wa'adi, kuma kayan da ya daɗe a shago kan zarce shi. In ta shiga amma ba ka ga komai ba, sabunta wasan, sannan ka danna Restore Licenses a saitin PlayStation.

Gyaran fara bugawa da wuri, kamar kwana 7 na EA Sports FC 24 Ultimate Edition, ba shi da amfani ga wanda intanet ɗinsa ke jan ƙafa. Kwanakin za su ƙare kana saukewa.

Mai neman tsohon faifan gyara kuma ya tuna GameCube da PS2 suna da kullen yanki, faifan NTSC (tsarin Amurka da Japan) ba zai tashi a na'urar PAL (tsarin Turai) ba. Ɗaga shi a haske ka duba ƙarzuwa, ka sa a gwada shi a gabanka kafin kuɗi ya bar hannunka.