Yadda za ku karrama dattijon da ya yi wa gidan tarihi hidima ba ko sisi

Kusan kowane wurin tarihi yana da irin mutumin nan, tsohon malamin firamare ko ɗan fansho, ba ya cikin masu albashi amma in ɗalibai sun zo shi ke tashi ya zagaya da su. In Allah ya yi mashi rasuwa sai a yi ta'aziyya a watse, abin da ke kanshi ya bi shi. To ga yadda nake ganin ya kamata ku yi in naku ya rasu.

Ku fara da gidanshi. Kar ku je da maganar taro ana cikin zaman makoki, ku bari a yi sadakar bakwai, wasu ma sai bayan arba'in, sannan ku samu babban ɗanshi ko ƙanenshi ku ce Alhaji ga abin da muke so mu yi wa Baba, kun yarda? Akwai gidan da ba su son a kafa hoton mamaci a bango, in sun ce a'a to a'a ce. Matanshi kuma suna takaba wata huɗu da kwana goma, mata 'yan uwansu za ku tura.

Babban aikin shi ne tattara abin da ya sani, kuma nan ne ake sakaci wallahi. Ku ɗauki waya ku bi waɗanda suka zauna da shi, maigadi, mai shara, malaman da ke kawo yara, ku danna rikodin ku ce su faɗi yadda yake ba da labari. Misali in a gidan tarihi na Katsina ya yi hidima, ginin kanshi tsohuwar Kwalejin Katsina ce da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wannan kowa na iya karantawa a littafi, amma yadda shi yake nuna wa yaro kaurin bangon ƙasa ya ce taɓa ka ji sanyi, ko yadda yake kwatanta hasumiyar Gobarau ga ɗan ƙauyen da bai taɓa ganinta ba, wannan sai a bakin wanda ya ji. Ku roƙi iyali su duba akwatinshi ma, irinsu ba su rasa tsohon littafin rubutu.

Daga nan ku rubuta wa shugaban gidan takarda ku nemi izini, in irin na Katsina ne wurin na hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ne, ba a kafa ko ƙusa sai sun sani. In kuna neman rana, 18 ga Mayu ranar gidajen tarihi ce ta duniya, sai dai zafin Katsina a Mayu ba wasa ba, ku fara da sassafe ku tashi kafin azahar.

Jawabi kar ya wuce biyu don Allah. A buɗe da addu'a, a saka muryoyin da kuka naɗa, sai wani matashi da ya koya a wurinshi ya zagaya da yaran unguwa ta hanyar da marigayin ke bi. Kuɗin da za ku kashe kan rumfa da kujeru gara ku sayi randa biyu a ajiye bakin ƙofa, ku dasa bishiyar bedi in an ba ku wuri, ragowar ku biya motar da za ta kawo 'yan aji shida daga makarantar da ya koyar. Kuma kafin a watse ku rubuta sunan wanda zai riƙa zuwa ranar Asabar da wanda zai riƙa cika randar.