Yadda ake shirya fim a kan abokin takarar shugaban ƙasa wanda bai goge a siyasa ba

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na garuruwanmu, daga Bichi da Rano har Ringim da Gumel, sun daɗe suna yin fim a kan ciyaman da kansila. Yanzu da wayar hannu da YouTube suka sauƙaƙa ɗaukar hoto da fitar da shi, babu abin da zai hana su taɓa takarar shugaban ƙasa, kuma a cikinta labarin da ya fi nama shi ne na abokin takara, musamman wanda aka ɗauko daga aji ko wata ƙaramar kujera aka tsayar da shi gaban ƙasa baki ɗaya cikin 'yan makonni.

Kafin a rubuta fitowa ko ɗaya, marubuci ya fara tsayar da dalilin ɗauko shi. Sashe na 142 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa ɗan takarar shugaban ƙasa ya tsaya da mataimaki daga jam'iyyarsa, kuma sau da yawa yanki da addini ake dubawa kafin a zo kan gogewa. A zaɓen 2015 Muhammadu Buhari ya tsaya da Yemi Osinbajo, farfesan shari'a da ya riƙe kwamishinan shari'a na Legas daga 1999 zuwa 2007, amma bai taɓa tsayawa zaɓe ba. A Amurka kuwa, ɗan takarar shugaban ƙasa John McCain ya ɗauko Sarah Palin a watan Agustan 2008, tun ba ta cika shekara biyu a kujerar gwamnan Alaska ba. Saboda haka fim ya buɗe da taron dare na manyan jam'iyya, ana kiran sunaye ana sokewa, shi kuwa mutumin yana gida bai ma san ana maganarsa ba. Daga nan mai kallo zai riƙe cewa nauyin abin da zai biyo baya yana wuyan waɗanda suka zaɓo shi.

Babban abin da nake roƙon daraktoci su guje wa shi ne mayar da shi dolo. Da an ce "bai san komai ba", hankali sai ya tafi ga ɗan barkwanci, a yi dariya a fitowa biyu, labari ya mutu. A ba shi fagen da ya fi kowa sani. Idan tsohon shugaban makarantar sakandare ne daga yankin Haɗeja, to ya san kuɗin buhun taki, ya san abin da ambaliya ke yi wa manomin shinkafa, kuma idan ya yi magana a kai jama'a za su yi tsit. Inda zai yi tuntuɓe shi ne bashin ƙasashen waje, ko dangantaka da maƙwabta, ko iya kauce wa tambaya ba tare da an ga ya kauce ba.

Fitowar hira da 'yan jarida ita ce zuciyar fim ɗin, a nan ya kamata a kashe lokaci. A watan Satumban 2008 'yar jarida Katie Couric ta tambayi Palin jaridun da take karantawa, ba ta ambaci sunan ko ɗaya ba, kuma wannan tambaya mai sauƙi ta yi mata illa ƙwarai. Marubuci ya nemo irin wannan tambayar, wadda mai shayi ma zai gane cewa an kasa amsa ta. Wajen ɗauka kuma a bar kyamara a kan fuskar jarumin, kada a sa kiɗa, kada a yanke shirun. Ya gyara hularsa, ya kalli mai ba shi shawara da ke tsaye a bakin ƙofa riƙe da takardun da suka kwana suna bita, sannan ya buɗe baki da abin da ya haddace wanda bai dace da tambayar ba. Bayan an fito, kada mai ba shi shawara ya yi masa tsawa. Ya isa ya ce, "Ranka ya daɗe, mota tana jira," cikin muryar da ta sauya.

Dole ne kuma mai kallo ya ji girman kujerar. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayun 2010, mulki ya koma hannun mataimakinsa Goodluck Jonathan, wanda har ƙarshen 2005 mataimakin gwamnan Bayelsa ne. Fitowa ɗaya da ɗan takara zai kwanta rashin lafiya ana tsakiyar kamfe, a tura mataimakin ya hau mumbari shi kaɗai, za ta isar da wannan ba tare da dogon bayani ba.

Gida ma yana da rabonsa. Ya je ƙauye ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ita kuma ta yi masa addu'a ba tare da ta kama sunansa ba idan ɗan fari ne, alhali a zaure mutane sun cika, wannan na neman rijiya, wancan na neman a ɗauki ɗansa aiki, tun ba a kaɗa ƙuri'a ba.

Ƙarancin kuɗi ba hujja ba ce. Mutum talatin da lasifika da fasta sun isa gangami idan aka matso da kyamara aka ɗauke su daga ƙasa-ƙasa, sauran labarin ƙasa kuma a ji shi ta rediyo a majalisar mai shayi. A nemi izinin dagaci kafin a tara jama'a, a bayyana musu cewa fim ne, kuma a kauce wa lokacin zaɓe don kada a ɗauka kamfe ne na gaske. Jam'iyyar cikin fim ta zama ƙirƙirarriya, sunanta da tutarta, babu tsintsiya, babu lema, babu jar hula, kuma kada kamanni ko salon maganar jarumi su nuna wani ɗan siyasa mai rai, domin ƙarar ɓata suna tana iya cinye abin da aka kashe gaba ɗaya. Waɗanda ke Jihar Kano su tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai tun labarin yana kan takarda, kafin a kira jarumai a sa ranar fita aiki.