Yadda ake yi wa tarwaɗa allurar ƙwai da fituwitari

Tarwaɗar da ke cikin tanki ba ta zubar da ƙwai da kanta, ko cikinta ya cika fam. A kogi, ambaliyar damina ce ke tada wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwarta, wadda ake kira fituwitari, ita kuma ta saki sinadarin da ke nunar da ƙwai. Shi ne kuma ke sa marenan namiji su samar da sinadarin maza da maniyyi. A tanki babu ambaliya, sai allura ta maye gurbinta.

Nemi kifin da nauyinsa ya kai na uwar da za a yi wa allura, namiji ko mace. Yanke kan, cire muƙamuƙin ƙasa, fasa ƙashin ganɗa. Za ka ga ƙwayar, fara-fara, ba ta fi ƙwayar gero ba. Niƙe ta cikin mililita 2 na ruwan gishiri, wato giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Tsira wa uwar allurar a naman baya, a karkace, ka murza wurin da yatsa. Mai kuɗi ya sayi Ovaprim, maganin allura na kanti da ke yin aikin fituwitari, rabin mililita kan kowane kilo na nauyin uwar. Ni dai ba na kashe kuɗi a kan abin da ke cikin kan kifina.

Wajen lissafin lokacin da za a jira bayan allura kafin a matsa cikin uwar a fitar da ƙwai sababbin shiga ke faɗuwa. Sai ka ji an ce "awa goma ne", kamar wata doka. Zafin ruwa ne ke yanke hukunci: a digiri 25 kusan awa 11, a digiri 30 kuwa awa 7 ma sun isa. Wata shekara a watan Afrilu na yi allura da ƙarfe tara na dare, na kwanta da niyyar matsa da hantsi. Da na buɗe bahon, uwar ta riga ta watsar da ƙwan cikin ruwa, sun yi fari, sun manne a gindin roba. A hunturu akasin haka ake yi, mutum ya matsa tun ba su nuna ba, sai jini da 'yan ƙwai a dunƙule. Saka ma'aunin zafi a ruwan, kuma awa ɗaya kafin lokaci ka fara taɓa cikin a hankali. In ƙwai suka zubo ba da ƙarfi ba, lokaci ya yi. Ka ga jini, tsaya.

Namiji ba ya matsuwa, dole a farke shi. Marena masu fari kamar madara ake so. Goge su, tsaga, tatse a kan ƙwan cikin busasshen kwano. Busasshe fa, domin da maniyyi ya taɓa ruwa ƙarfinsa bai wuce minti ɗaya ba. Gauraya, zuba ruwa mai tsabta kaɗan, juya, shimfiɗa a raga. Fituwitarin namijin kuma a jefa shi cikin asiton, sinadarin da ke hana shi lalacewa, don zagaye na gaba. In ruwa na da ɗumi, gobe war haka za ka ga wutsiyoyi na motsi.