Yadda za ka gane ko ya dace ka ci kalorin da ka ƙona a motsa jiki yayin rage ƙiba

Ka gama sassarfar awa ɗaya, agogon hannunka ya nuna ka ƙona kalori 360, manhajar da kake rubuta abincinka a ciki kuma ta ɗauki 360 ɗin ta ƙara maka a kan rabonka na ranar, wato adadin kalorin da aka ware maka ka ci. Tambayar ita ce, ka ci ko ka bari? Amsar ta dogara da yadda aka lissafa rabon naka tun farko, kuma ko da ya halatta ka ci, ba duka za ka ci ba. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Mataki na 1: Binciko yadda aka fitar da rabonka

Nan ne yawancin mutane suke yin tuntuɓe. Duk lissafin kalori yana farawa da abin da jiki ke ƙonawa ko da mutum yana kwance, wato aikin zuciya da numfashi da ƙwaƙwalwa da ɗumama jiki. Wannan kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da mutum ke ƙonawa a yini. Lissafin da aka fi amfani da shi shi ne na Mifflin da St Jeor na shekarar 1990: nauyinka a kilo sau 10, a haɗa da tsayinka a santimita sau 6.25, a cire shekarunka sau 5, sannan namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161.

Ɗauki namiji mai kilo 90, tsayi santimita 175, shekara 35. Lissafinsa zai ba da kusan 1,824. Daga nan sai a ninka da wani adadi gwargwadon zirga-zirgarsa. In an ɗauke shi a matsayin mai yini a zaune, sau 1.2 ne, ya zama kusan 2,190. In an ɗauke shi mai motsa jiki kwana uku zuwa biyar a mako, sau 1.55 ne, ya zama kusan 2,830. Dubi tazarar da ke tsakani: 640 a kullum.

To, in ka zaɓi na biyun, an riga an biya ka ladan motsa jikinka a cikin rabon. Ka sake ci don agogo ya ce ka ƙona, ka karɓi albashi sau biyu ke nan a kan aiki ɗaya. A wannan tsarin ba ka ƙara ko loma. In kuwa na farkon ka zaɓa, kamar yadda manhajoji irin su MyFitnessPal suke tsara lissafinsu ba tare da atisaye a ciki ba, to akwai abin da ya kamata ka mayar, sai ka wuce mataki na gaba.

Mataki na 2: Kada ka ɗauki maganar agogo a matsayin yankan wuƙa

A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada na'urorin hannu guda bakwai. Wajen auna bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari, amma wajen kalori babu ko ɗaya da ta yi abin kirki: wadda ta fi kusa da daidai ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kuma da kashi 93. Dalilin a fili yake. Agogo ba ya auna iskar da kake shaƙa da wadda kake fitarwa, kintace kawai yake yi daga bugun zuciya da motsin hannu. Zafin rana ko fargaba ko kofi na iya ɗaga bugun zuciyarka ba tare da ka ƙona wani abin a zo a gani ba.

Ka riƙe ma'auni na kanka don ka riƙa kwatantawa. Gudu yana cin kusan kalori 1 a kowane kilo na nauyinka a kowace kilomita, wato mai kilo 90 da ya yi kilomita 5 ya ƙona wajen 450. Tafiya da sauri kuma kusan kalori 4 ne a kowane kilo a awa ɗaya. In na'ura ta ba ka ninkin wannan, ka san ta yi maka daɗin baki ne.

Mataki na 3: Cire abin da ba naka ba

Ko da 360 ɗin nan daidai ne, ba dukansa ne ƙari ba. Da mutumin namu ya zauna a kujera tsawon awar nan, da ya ƙona kusan 90, kuma an riga an sa wannan a rabonsa. Saura 270.

Sai kuma wata dabara ta jiki. Wani mai bincike, Herman Pontzer, da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini suna tafiya, suka wallafa a 2012 cewa in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai wuce na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa a matsakaici jiki yakan rama kusan kashi 28 cikin ɗari na abin da aka ƙona ta hanyar rage kashewa a wani wajen. Kai ma za ka iya lura da irin wannan a kanka: ranar da ka sha wuya a atisaye, da yamma sai ka ga ka miƙe a kan gado, aiken da za ka yi da ƙafa ka ɗage shi zuwa gobe. Cire wannan kason daga 270, abin da ya rage bai kai 200 cikakke ba.

Shi ya sa cin rabin abin da agogo ya nuna yake da ma'ana a ganina. Rabin 360 shi ne 180, kuma ya yi kusa da inda lissafi ya kai mu. Ka kuma san girman 180 ɗin a faranti: ayaba ɗaya da dafaffen ƙwai ɗaya ne. Gwangwanin lemon kwalba mai suga kusan 140 ne, cokalin mai babba ɗaya kusan 120.

Mataki na 4: Dubi irin motsa jikin

Tafiyar minti talatin ko ɗaga ƙarfe na ɗan lokaci ba su kai a mayar musu da komai ba. Amma mai gudun awa ɗaya da rabi, ko mai tuƙa keke na sa'o'i, ko mai atisaye sau biyu a rana, lallai ya ci. Giɓin kalori 500 da aka tsara, wato tazarar da ke tsakanin abin da kake ƙonawa da abin da kake ci a yini, zai iya zama 1,200 a irin wannan ranar, kuma jiki ba ya jure haka na dogon lokaci, tsoka ce za ta fara zubewa tare da kitsen. Abin da za ka mayar ya zama abinci mai furotin da mai sitaci, kusa da lokacin atisayen.

Mataki na 5: Bar sikeli ya yanke hukunci

Zaɓi tsari ɗaya ka tsaya a kansa mako uku zuwa huɗu. Hau sikeli da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komai, ka fitar da matsakaicin kowane mako. Kada awon rana ɗaya ya tayar maka da hankali, domin gishiri da ruwan da tsoka ke riƙewa bayan atisaye, da kwanakin al'ada ga mata, duk suna iya motsa sikeli da kilo guda ko fiye. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, saboda haka giɓin 500 a kullum zai ba ka kusan rabin kilo a mako.

In kana sauka da rabin kilo ko kusa da haka, kada ka taɓa komai. In sikeli ya tsaya cik, rage abin da kake mayarwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ko ka daina gaba ɗaya, ka kuma sake duba awon abincinka, don mutane sun fi yin kuskure a nan fiye da a wajen atisaye. In kuwa kana zubar da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinka a mako, ga jiri, ga rashin barci, ga jin sanyi, ƙarfinka a wajen atisaye yana ja da baya, ko al'ada ta ɗauke wa mace, to abincin ya yi kaɗan, ƙara shi ba tare da jiran wani lissafi ba.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da suga, da mai juna biyu, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, wannan lissafin ba nasu ba ne su yi su kaɗai. Motsa jiki na iya faɗar da sugan mai insulin sa'o'i da dama bayan an gama, har cikin dare, don haka likitansa ne zai tsara masa abin da zai ci kafin atisaye da bayansa.