Yadda nake yin awarar da ba ta kumbura ciki

Ƴar'uwa, in awara na kumbura miki ciki, duba tukunyarki tukuna. Ni nan Tahoua rabin tiyar waken suya nake jiƙawa bayan isha'i, da asuba in murje ɓawon, in kai inji, in tace da ƙyalle. Dusar ta tumaki ce.

Wurin dahuwa ake kuskure. Ɗanyen waken na da sinadarin da ke hana ciki narkar da furotin, wuta ke kashe shi. Ki bar madarar ta tafasa kamar minti 15, kina tsaye da ludayi, don kumfarta ba ta da kunya: na taɓa leƙawa maƙwabta, na dawo rabi na cikin murhu. Sai ki zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan har ta dunƙule, ki juye a ƙyalle, ki danne da dutse.

Suya kuwa, kada ki maimaita man da ya yi baƙi. Maigidana na da hawan jini, tasa cikin miya nake sakawa, gishiri kaɗan. Mai shan levothyroxine, maganin ƙarancin aikin thyroid (halittar da ke gaban wuya), ta ba da tazarar awa 4 bayan ta sha kafin ta ci awara.